Iskar Lambar Rimi: wa ke biya, wa ke cin riba?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya san dogayen ƙarafunan nan masu fukafukai da ke tsaye a Lambar Rimi. Injinan iska ne guda 37, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, waɗanda idan aka haɗa su za su ba da megawat 10 na wutar lantarki. Marigayi Umaru Musa Yar'adua ne ya ɗauko maganar aikin tun yana gwamnan Katsina, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a Rimi, kuma sai a Nuwamba na 2013 ya kuɓuta. Tun daga lokacin aikin ya koma tafiyar hawainiya, ana sa ranar ƙaddamarwa ana ɗagawa, har yaran da aka haifa lokacin da aka fara haƙa tushe suka isa makarantar sakandare.

An yi rubutu da yawa kan sakacin hukumomi a wannan aiki, kuma ba zan maimaita ba. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da ba a cika yi ba: ko da a ce injinan duka suna juyawa dare da rana, me manomin da ke maƙwabtaka da su zai samu?

Lissafin wutar iska ya saɓa da na janareto, kuma daga nan ya kamata a fara. Mai janareto yana sayen inji da kuɗi kaɗan, sannan ya yi ta zuba mai muddin injin yana raye. Mai injin iska kuwa yana biyan kusan dukkan kuɗinsa tun kafin a samu yunit ɗaya na wuta, wato kuɗin ƙarfe da siminti da jigila da taransifoma da layin da zai kai wutar kasuwa, bayan haka iska kyauta ce. Saboda haka abu biyu ne ke kashe irin wannan aiki, kuɗin ruwa da jinkiri. Injin da aka ƙera don ya yi kimanin shekara ashirin yana aiki, idan ya yi goma a tsaye rana da ƙura suna cin sa, rabin jarin ya tafi ba tare da an ƙirga kwabo ba. Kenya ta ɗanɗana wannan a tashar Tafkin Turkana mai megawat 310, inda aka gama kafa injina 365 a 2017 amma layin da zai ɗauki wutar bai kammalu ba sai a 2018, gwamnati ta riƙa biyan kamfanin tarar wutar da babu wanda ya sha.

Sai kuma ita kanta iskar. Ƙarfin da inji ke samu ba ya tafiya daidai wa daida da gudun iska: idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau takwas. Wannan ne ya sa tudu guda zai iya zama arziki, na kusa da shi ya zama asara, kuma shi ya sa megawat 10 da ke rubuce a takarda ba ya nufin megawat 10 a kowace sa'a. Kowane Bakatsine ya san iskar hunturu daban, ta farkon damina daban, kuma akwai watannin da ganye ba ya motsi.

To, ina rabon gari a cikin wannan lissafi? Alkawarin da aka fi yi wa jama'a shi ne aikin yi, kuma shi ne mafi rauni. Lokacin gini ana ɗaukar leburori da birkiloli da direbobi, masu abinci su yi ciniki, amma da an ɗaure ƙusa ta ƙarshe sai a sallami kowa, a bar 'yan tsirarun ma'aikatan gyara da masu gadi. Wutar ma ba lallai ta tsaya a garin ba, domin tashar da aka jona da layin kamfanin rarrabawa, wanda a Katsina KEDCO ne, tana zuba wutarta ne a kasko ɗaya da ta kowa, kuma kamfani zai fi son tura ta inda ake biyan kuɗi mai tsoka. Ana iya samun ƙauye a gindin injin yana kwana da tocila.

Batun fili ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne dokarmu ta fi cutar talaka. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, idan kuma aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta amfanin da ke kanta ce, kamar shuka da itatuwa da gini, sau ɗaya tak. Manomi ya karɓi kuɗi ya yi auren ɗa ko ya sayi babur, bayan shekara uku babu kuɗin babu gonar, shi kuwa inji zai yi shekara ashirin yana samar da kuɗi a kan wannan ƙasa. Abin takaicin shi ne injin iska ba ya ma buƙatar a raba mutum da gonarsa. Gindinsa da hanyar zuwa gare shi kaɗai yake ci, ana iya shuka gero da wake a tsakanin injina, a kuma yi kiwo. A Amurka da Turai manomi na ci gaba da nomansa, kamfani yana biyansa kuɗin haya duk shekara kan kowane injin da ke gonarsa. Ban ga dalilin da zai hana a yi haka a Rimi ba, in ban da cewa mun saba da ƙwace fili da shinge shi.

Wasu ƙasashe ba su bar abin ga alherin kamfani ba. Denmark ta yi doka a 2008 wadda ta tilasta wa mai kafa injin iska ya yi wa mazauna kusa tayin aƙalla kashi 20 cikin ɗari na hannun jari, kuma ta yi shekaru tana aiki da ita. Afirka ta Kudu, a shirinta na sayen wuta daga kamfanoni masu zaman kansu da ta fara a 2011, ta sa sharaɗin cewa al'ummar wurin su mallaki aƙalla kashi biyu da rabi cikin ɗari na kowace tasha.

Bari mu gwada da alƙaluma, a matsayin misali kawai. A ƙaddara tasha mai megawat 10 tana ba da rubu'in ƙarfinta idan aka daidaita shekara, za ta samar da yunit kusan miliyan 22. A Afrilun 2024 an sa wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla sa'a 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit. Ko da rabin wannan farashi ne ke isa hannun tashar, kuɗin shigarta zai kusan naira biliyan biyu da rabi, kuma kashi biyu cikin ɗari na wannan ya kusan naira miliyan 50 duk shekara. A wurin mai jari wannan ba wani abu ba ne, a wurin gundumar da ke neman rijiyar burtsatse da rufin aji kuwa babban kuɗi ne.

Za a ce ɗora wa mai zuba jari irin wannan nauyi zai kore shi, alhali da ƙyar ake samun mai son zuwa Arewa. Hujja ce mai ƙarfi, amma abin da ya faru a Kenya ya nuna wanne ya fi tsada. Aikin injinan iska na Kinangop mai megawat 60 ya rushe a 2016 saboda rigimar fili da mazauna yankin, bayan an riga an kashe kuɗi masu yawa. A Turkana ma, kotu ta yanke hukunci a 2021 cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallaka wa kamfanin filin makiyaya. A yankin da ɓarayin waya da na taransifoma ba sa barci, mutanen da suka san kuɗin makarantar 'ya'yansu yana fitowa daga juyawar inji sun fi kowane shinge tsaro.

Inda nake da fargaba shi ne hannun da kuɗin zai faɗa. Asusun al'umma da ba a bayyana lissafinsa yakan zama gonar mutum uku ko huɗu, sauran jama'a su ji labari. Shi ya sa na fi son kuɗin haya ya tafi kai tsaye ga mai gona, rabon gari kuma a karanta shigarsa da fitarsa a bainar jama'a duk shekara, a gaban hakimi da dagatai da wakilan mata da matasa. Na kuma fi son a ba da wani ɓangare na rabon a matsayin wuta: layi na musamman zuwa kasuwa, inda mai injin niƙa da mai walda da mai ƙanƙara ke ƙona fetur da gas da tsada, musamman tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Wutar da ta rage wa mai niƙa kuɗin mai tana zagayawa cikin gari fiye da kyautar buhun shinkafa.

Da can jiha tana iya cewa wutar lantarki hurumin Abuja ce. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, don haka majalisar dokokin Katsina, da ta Jigawa da Sakkwato da duk jihar da ake maganar iska ko hasken rana, tana iya rubuta kuɗin hayar fili da rabon gari da layin kasuwa a cikin sharuɗɗan lasisi. Lokacin yin hakan shi ne kafin a sa hannu kan yarjejeniya da duk wanda zai farfaɗo da Lambar Rimi ko ya kafa sabuwar tasha, domin da zarar banki ya ba da bashi bisa wani lissafi, ba a sake buɗe shi saboda ƙorafin dagaci.