A Daina Nuna Mana Hoton Katafila

To, an kuma. Tun jiya sojojin baka suke ta yaɗa hoton katafila biyu da tifa ɗaya a gefen hanyar Wudil, wai aiki ya kankama, mu yi godiya. Madalla. Allah Ya saka wa katafila da alheri, Ya ƙara wa mai ɗaukar hoto basira.

Jama'a, tun 2006, zamanin Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Yaron da aka raɗa wa suna a Gaya a shekarar, yau ya isa yankar katin zaɓe, wani ma an kai masa kuɗin aure. 'Yar'adua ya zo, Jonathan ya zo, Buhari ya yi takwas ɗinsa, ga Tinubu, amma har yanzu ɓangaren Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin hotonsa ake nuna mana.

Maganata ɗaya ce: kada a ƙaddamar da aikin da ba a tanadi kuɗinsa ba. Kowa ya san yadda ake yi. A sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kasafin kuɗi, a saki rabinsa, ɗan kwangila ya kankare tsohuwar kwalta, ya zuba marmara, kuɗi ya yanke, ya kwashe kayansa. Damina ta wanke abin da ya zuba. Kafin ya dawo naira ta faɗi, siminti da gas sun tashi, sai a zauna a ƙara kuɗin kwangila. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a kan kusan naira biliyan 155 aka bai wa Julius Berger a 2017. Zuwa 2021 ta koma biliyan 797, a 2024 kuma aka ƙwace ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. Wai an faɗaɗa aikin ne. Naji. Wa ya hana a auna shi daidai tun farko?

Kada wani ya zo mini da zancen Sukuk, wato bashin nan marar ruwa da gwamnati take karɓa don gina hanyoyi, ko na jirgin ƙasa. Na san a 2021 aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura, har da reshe zuwa Dutse. Wallahi ina son in ga wannan jirgi, don mai tumatir da mai riɗi da mai shanu su huta da tsadar mota. Amma shi ma na Kano zuwa Kaduna a 2021 aka ƙaddamar, ya zauna jiran bashin Chaina. Cutar dai ɗaya ce: biki a gaba, neman kuɗi a baya.

Mu da muke bin hanyar nan ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, mun san abin da ake nufi da hannu ɗaya: tirela, kurkura, motar shanu da mai naƙuda duk a layi guda cikin ƙura. Wanda ya rasa ɗan'uwa a nan ba hoto yake jira ba.

Af, su kuma yaran nan masu cike ramuka da shebur suna miƙo hannu, direbobi ku riƙa ba su ko ɗari biyu ce. Amma don Allah wani ya gaya musu ƙasar da suke zubawa ita ce take zama taɓo da ruwan farko.