Tsabar 1879 Da Har Yau Ake Ba Da Canji Da Ita

Masu cewa a dawo da tsaba farashi zai sauka, ku zo mu yi magana.

A ƙasar Siwizalan akwai tsaba ta rappen 10, wato kashi ɗaya cikin goma na faran, kuɗin ƙasar. An fara buga ta a 1879, kuma zanen bai canza ba: kan mace a gefe guda da rubutun Latin kewaye da shi, lamba 10 cikin ganyaye a ɗaya gefen. Idan bugun 1879 ya faɗo hannunka a canji, mai kanti zai karɓa ba musu. Kundin Guinness ma ya sanya ta a matsayin tsaba mafi daɗewa da ake ciniki da ita. A shekarar da aka buga ta, Abdullahi Maje Karofi ne Sarkin Kano, da wuri ake ciniki a Kasuwar Kurmi, Turawa ba su ci Kano ba sai 1903.

To me ya raya ta? Abu biyu ke kashe tsaba. Na farko, ƙarfenta ya fi darajarta tsada. Su kansu mutanen Siwizalan sun ɗanɗana wannan: rabin faran, faran ɗaya da faran biyu duk na azurfa ne har 1967. Da azurfa ta yi tsada sai mutane suka riƙa ɓoye su, wasu suna fita da su waje a narke. Dole aka koma bugawa da gaurayen jan ƙarfe da nikel daga 1968. Amurka ma ta cire azurfa daga tsabar santi 10 da 25 bayan 1964. Ita kuwa rappen 10 tun asali ƙarfe mai arha ce, babu wanda ya yi kwaɗayinta.

Na biyu, darajar ta zube har almajiri ya ƙi karɓa. Wannan shi ne ciwonmu. Naira ta zo a 1973, ta kori fam da sule da sisi. A 2007 Babban Banki ya fito da tsabar kwabo 50, naira 1 da naira 2. Ina suke? Miƙa wa mai shayi naira biyu ka ga irin kallon da zai yi maka. Ba a soke su ba fa, kawai dai babu abin da za su saya, ko alawa ɗaya.

Tsallaka Maraɗi ko Damagaram, har yanzu tsabobin saifa na dala biyar, dala goma, dala ashirin suna yawo hannu zuwa hannu. Wata ta goge har sai ka ƙura ido kafin ka ga shekararta, ka tarar ta girme ka. Duk da an rage darajar saifa da rabi a 1994, tsabar ba ta mutu ba, domin har gobe tana sayen ƙosai. Ana iya sukar ɗaurin saifa da Yuro, ni ma ina da ta cewa a nan, amma wannan zance ne na wata rana.

Don haka ni ban yarda tsaba ce ke riƙe farashi ba. Farashin da ya zauna shi ke riƙe tsaba. A buga ta naira 50 ko 100 gobe, muddin kwanon masara na tashi kowace kaka, ƴan shekaru kaɗan za a same ta a gwangwanin yara ko wajen maƙera ana yin zobe da ita, kuɗin bugawa ya tafi a banza.