Jita a Hannunka, Kuɗin Abokinka a Wuyanka

Samari masu harkar kiɗa, daga ɗalibin da ke koyo a ɗakin kwana zuwa mai kaɗa wa 'yan biki a Agadas, da masu zaryar situdiyo a Jos da Kano, akwai wata rigima da ta zama ruwan dare a tsakaninku, kuma abin takaici ne. Abokai biyu da ke cin abinci a kwano ɗaya, wani ya ba wani jita, aka ce kuɗi sai an samu. Bayan wata shida ba sa ga maciji da juna. Wannan yana cewa an cinye masa haƙƙi, wancan yana cewa an tozarta shi a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

In aka bi sawun rigimar, ba a ranar da aka ƙi biya ta fara ba. Ta fara ne ranar da aka miƙa jitar ba tare da an faɗi sunan abin da ake yi ba. Mai jita a ransa ya sayar. Mai karɓa a ransa zai gwada, in ta yi masa ya saya. Kunya ta hana kowa buɗe baki, aka ɓuya a bayan "ai mu ɗaya ne". To aro daban, haya daban, ciniki daban, kuma bambancin yana fitowa ne ranar da jitar ta lalace ko ta ɓata. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa idan ya salwanta. Wanda ya yi haya kuwa amintacce ne, ba a ɗora masa asara sai in ƙaryarsa ta bayyana ko ya yi sakaci. Wanda ya saya ya karɓa, kaya sun zama nasa, karyewarsu tasa ce, kuɗin kuma yana nan a kansa cif. Hukunci uku a kan jita ɗaya. Don haka kafin ta bar hannunka, ka furta kalmar da bakinka: na ara maka zuwa ranar kaza, ko na sayar maka a kan kaza.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta ce idan kun ƙulla bashi zuwa ajali ambatacce ku rubuta shi, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada ku ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. "Sai na samu" ba ajali ba ne. "In an biya mu kuɗin wasa" ma ba ajali ba ne, domin mai biki yana iya riƙe kuɗin makaɗa wata biyu. Ajali rana ce da ake iya nunawa a kalanda.

Takardar ba sai ta cika shafi ba. A sa sunayen mutum biyun, da irin jitar da kamfaninta, da lambar da ke jikinta. A jitar katako lambar kan kasance a cikin ramin ciki, a kan takardar da aka manna ko a katakon da wuya ya haɗu da jiki; a ta lantarki kuwa a duba bayan kai ko farantin ƙarfen da ke riƙe da wuya. A rubuta abin da ya biyo ta: jaka, igiyar rataya, wayar haɗi, amfilifaya in akwai, domin a kan waɗannan ƙananan ake yawan musu. Sai farashi da yadda za a biya. A ce an yi ciniki a kan naira dubu 120: kafin alƙalami dubu 40, sauran dubu 80 a raba wata huɗu, dubu 20 ranar biyar ga kowane wata. Mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu, kuma kada su zama 'yan rakiyar ɓangare ɗaya. Kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Biya kuma ya bi ta banki, a rubuta "kuɗin jita" a wurin bayani, saboda abokai suna tura wa juna kuɗin kati da na mota, kuma daga baya sai a rasa wane alat ne na bashi, wane ne na zumunci. In hannu da hannu aka bayar, wanda ya karɓa ya tura saƙo nan take ya faɗi abin da ya karɓa da abin da ya rage.

Hujjar da mai taurin bashi ya fi fakewa da ita ita ce "dama da matsalarta ka ba ni". Ana toshe wannan ƙofa ne da minti goma na dubawa a gaban juna. Kada a yi cinikin biri a sama. A ɗaga jitar a hango wuyanta daga kai zuwa ciki, a ga ko ya karkace ko ya murɗe. A auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙaramin ƙarfe na 12 a kan wuya: a jitar katako milimita biyu zuwa uku daidai ne, in ta haura huɗu to akwai magana, yatsu za su sha wuya kuma sauti zai kauce. Sau da yawa ana gyara wannan da ɗan juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya, amma a tabbatar sandar tana juyawa, don in ta ƙame ko ta karye gyaran na iya lashe rabin kuɗin jitar. A ɗauki 'yar takarda a gwada tura ta ƙarƙashin gadar da ke riƙe da tsirkiyoyi a kan ciki. In ta shige, gam ya fara saki. A kaɗa kowace tsirkiya a kowane gurbi a saurari zuza. A murɗa makullan ɗauri shida ɗaya bayan ɗaya, a ga ko wani yana zamewa. In ta lantarki ce, a jona ta, a girgiza bakin waya a ji ko sauti yana yankewa, a juya maɓallan ƙara a ji ko suna ƙarar yashi. Duk aibin da aka gani a rubuta shi a takardar, a ɗauki bidiyo. Mai sayarwa kuma, ɓoye aibin da ka sani algus ne, ko da ga baƙo, balle aboki.

Akwai kuma wanda in an matsa masa sai ya ce "to zo ka ɗauki abarka". Wannan ba biya ba ne, kuma dalilin yana cikin katakon kansa. Jita tana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturun Kano ko Damagaram laimar tana sauka ƙasa da kashi 20. Katako ya tsotse, fuskar ciki ta tsage, bakin ƙananan ƙarafa su fito suna yankar hannu. Damina ta zo, katakon ya kumbura, tsirkiyoyi su yi sama. Duk wannan yana faruwa ne alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan gada da nauyin da ya kai kilo 70. In aka bar ta a bayan mota a zafin bazara, gam ya yi laushi, gadar ta ɗaga. Wani ma, don neman ƙarin amo, sai ya ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar da aka ƙera don ta roba, wadda yawanci ba ta da sandar ƙarfe a wuya, ya kashe ta cikin 'yan makonni. Jitar da ta yi hunturu da damina a jingine a bango ba ita ce aka ba ka ba. In za a mayar, da yardar mai ita ne, kuma sai an kai wa mai gyara ya yi mata kuɗi a halin da take, ka cika gibin.

Ɗan'uwa da ake bi, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda zai zage ka don ka ci. Abin da ke zubar da mutunci shi ne a ga ka sauya waya, ka ɗinka sabuwar shadda, kana kuma kashe kiran wanda ya rufa maka asiri. Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. An kuma kawo masa gawar wani da ake bi bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ɗan'uwa Kirista da ke kaɗa jita a majami'a, kai ma Zabura 37:21 ta gaya maka mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. In jitar tana kawo maka kuɗi, ware kashi ɗaya cikin uku na kowane wasa ka tura a daren, kafin kuɗin ya kwana a aljihunka. In ka ga ba za ka cika alkawari ba, je ka same shi kwana uku kafin ranar, da ƙafarka, da abin da ya samu a hannu ko da dubu biyar ne, ka nemi sabuwar rana. Shirun da kake yi ya fi rashin kuɗin yi masa ciwo. Kuma kada ka tuna da cewa malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa sai ranar biya. In zuciyarka ta natsu cewa cinikin bai halatta ba, je ka tambayi malaminka yadda ake warware shi. Riƙe jitar kana kaɗawa kana kuma hana kuɗin, wannan ba taƙawa ba ce, cin haƙƙi ne.

Kai kuma mai bi, haƙƙinka ne, amma yana da iyaka. Aya ta 280 a surar nan ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa sauƙi. Za ka ji zafin faɗuwar naira, gaskiya ne: dalar da take wajen 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma jita daga waje ake shigo da ita, kuɗin da ka sayar jiya ba zai saya maka irinta yau ba. Duk da haka ƙara kuɗi a kan bashi saboda jinkiri riba ce, wato kuɗin ruwa da aka haramta. Wurin kare kai shi ne ranar ciniki: ka yanke farashin ajali tun farko, ka taƙaita lokacin, ka karɓi kafin alƙalami mai kauri, ko ka riƙe jingina. Kada ka shiga ɗakinsa ba ya nan ka ɗauke jitar, ka mayar da kanka mai laifi. Kada ka kai shi sitatus da habaici. Wanda aka tona wa asiri a bainar jama'a ba shi da sauran abin da zai kare, sai ya ƙara taurin kai, kai kuma kana iya fuskantar ƙarar ɓata suna. Kuma ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne; Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Fara da magana ku biyu, ba a majalisa ba. In ba ta yi ba, tura rubutaccen saƙo mai ɗauke da adadi da wa'adin mako biyu. In ya wuce, a nemi wanda dukanku kuke jin nauyinsa: shugaban ƙungiyar kiɗanku, yayansa, liman ko fasto, ko mai unguwa. Mai sulhu yana da abin koyi a hadisin Ka'ab ɗan Malik, lokacin da muryoyinsu suka ɗaga a masallaci shi da Ibn Abi Hadrad a kan bashi. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ka'ab ishara ya yafe rabi, ya amince, sannan ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Rangwame daga wannan, biya nan take daga wancan. In aka yi rangwame aka sake barin sauran a "sai an samu", an koma gidan jiya. Idan sulhu ya ci tura, akwai kotun shari'a, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Can za a tambaye ka takardar neman biya da ka aika masa, da shaidunka, da bayanan banki, da saƙonnin da kuka yi musaya. Saboda haka ko ranka ya ɓaci har ka toshe lambarsa, kada ka goge hirarku.