Sun haɗa mu da duniya, amma ba su ɗauki mai jin Hausa aiki ba

A watan Yunin 2018, ana tsaka da rikici a yankin Gashish na jihar Filato, wani bidiyo ya karaɗe Facebook. Mutum ne kwance an tsaga masa kai, aka yaɗa cewa aikin Fulani ne a kan 'yan ƙabilar Birom. Daga baya binciken sashen BBC Africa Eye ya gano cewa ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazzaville ya fito, tun 2012. Kafin gaskiya ta bayyana, wasu matasa sun riga sun tare hanya, sun fiddo mutum 11 daga motoci sun kashe su. 'Yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar.

Abin da ya fi ci mini rai a binciken shi ne, a lokacin mutum huɗu kacal ke aikin tantance labaran ƙarya na Facebook a duk faɗin Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Ko ɗaya.

Wannan ba mantuwa ba ce, lissafin riba ne. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da aka ware don yaƙi da labaran ƙarya Amurka kaɗai ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13. Idon Ba'amurke ya fi namu tsada a kasuwar talla, shi ya sa aka fi tsaron lafiyarsa.

Ba na musun amfanin da muka samu. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yau tana da masu ciniki a Kumasi da Yamai ta waya. Amma wanda ya buɗe kasuwa yana karɓar kuɗin rumfa, dole ya sa mai gadi.

Za a ce ai yanzu na'ura tana fassara, Google ma ya sa Hausa tun 2013. To, na'urar da ke tuntuɓe a kan magana miƙaƙƙiya, yaya za ta yi da habaici da gugar zana? Mai ingiza jama'a ba ya fitowa ɓaro-ɓaro ya ce a kashe wane. Karin magana zai jefa, ya kira laƙabin da 'yan unguwa kaɗai suka sani, yawanci ma da murya zai yi, ba rubutu ba. Sai ɗan gari zai gane inda aka dosa.

Gwamnati kuwa ba ta rasa sanda ba. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220 kan bayanan 'yan Najeriya. Da irin wannan ƙarfin ya kamata a tilasta wa Meta da TikTok da X su bayyana yawan ma'aikatansu masu jin Hausa da Fulfulde da Kanuri, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su sauke saƙon da ke kiran a zubar da jini.