Haƙurin da Muke Ba Wanda Aka Zalunta

Jiya wani dattijo mai gadi ya shaida mini cewa wata uku ke nan maigidansa bai biya shi albashi ba, ni kuwa na ce masa, "Baba, a yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara." Ya gyaɗa kai ya tafi, amma na kwana da nauyi a zuciya, domin na san tsoro ne ya yi magana da bakina, na kuma yafa masa rigar tawakkali.

'Yan'uwa, lalacin tunani ya yi mana katutu. Da an ambaci falsafa sai mu toshe kunnuwa mu ce hanyar ɓata ce, alhali cikinta akwai tambayoyin da azzalumi ya fi tsana: mene ne adalci, kuma da wane haƙƙi ka riƙe abin da ba naka ba? Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, masanin falsafa ne kuma alƙali a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, kuma ya kafa hujja cewa shari'a da kanta ta umarce mu da yin nazari da hankali. Na san malamai sun saɓa masa a wasu mas'alolin aƙida, kuma ba a kansu nake magana ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ibn Khaldun, masanin tarihi. A cikin littafinsa Muƙaddima na 1377 ya bayyana cewa zalunci yana rushe ƙasa, domin idan mutane suka ga ana ƙwace abin da suka samu da guminsu, sai su yanke ƙauna su daina nema, kasuwa ta mutu, daga nan mulkin kansa ya bi baya. Har tilasta wa mutane aiki ba da haƙƙi ba ya lissafa cikin mafi munin zalunci. Shi ya zauna ya bi diddigin sababi, mu kuwa mun tsaya ga "sai haƙuri".

A cinye gādon marainiya, mu ce ta yi shiru saboda zumunci. A danne talaka a gaban shari'a, mu ce duniya ce. Shin wa ya taɓa zuwa wurin mai cin haƙƙin ya ce masa ya ji tsoron Allah? Kullum mai rauni muke yi wa wa'azi, domin shi ne ba ya iya cutar da mu.

Don Allah, kafin mu sake ba wani haƙuri, mu tambayi wanda ya cuce shi. Don Allah, mu tambaya. Ni dai gobe, in Allah Ya kai mu, zan raka Baba wurin maigidan nasa.