Wai suna da bakap, to su dawo da bayanan mana

Kai jama'a, wai har yanzu akwai masu kare kamfanin nan na Katsina da kwamfutarsu ta lalace bayanansu suka ɓace. Tun jiya nake gani ana ta cewa ai ƙaddara ce, ai na'ura ce dole wata rana ta lalace. To wa ya yi musu? Abin da ya ƙona min rai shi ne manajan nasu da ya fito ba kunya yana cewa wai suna da bakap, wato kwafin bayanai da ake ajewa saboda irin wannan rana, kullum dare ana ɗaukarsa, alhali ga ma'aikata nan cikin Katsina wata ya mutu ba albashi, dillalai sun zo da rasit a hannu an ce masu sunansu ba ya cikin kwamfuta. Kamfani mai rassa har Funtua da Daura fa.

Ni magana ɗaya gare ni. Bakap ɗin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, babu shi, suna ne kawai. Yaron da aka ɗora kan aikin ya shigo da safe ya duba allo ya ga alamar kore, ya ce alhamdulillahi ya tafi shan shayi, shi ke nan wai an sa ido. Koren nan abin da take gaya maka kawai shi ne manhaja ta gama aikinta, ba ta ce maka abin da ta kwafa zai buɗe ba, ba ta ce an haɗa da sabuwar sabar (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) da aka sayo bara ba, wani lokacin ma fayil ne wanda babu komai a ciki take ta ajewa wata da watanni. Wane manomi ne zai liƙe rumbu shekara guda bai leƙa ba, sai ranar da yunwa ta shigo ya buɗe ya tarar gara ta gama da hatsin?

Na san masu cewa ai mu nan ba mu da kayan aiki irin na Turawa. Dan Allah ku bar wannan zancen. GitLab fa, kamfanin manhaja na waje da harkar kwamfuta ce sana'arsu, ranar 31 ga Janairu 2017 injiniyansu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, wajen gigabait 300, da suka juya ga bakap sai suka tarar hanyoyi biyar da suke tinƙaho da su ba wadda ta yi aiki yadda ya kamata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa, tana tura saƙon imel cewa ta faɗi, amma saƙon ba ya isa wurin kowa, su kuma suka ɗauka shiru lafiya ce. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin nan shi ya cece su. Kuɗi ne suka rasa ko kayan aiki? Mutum suka rasa, wanda za a ce kai ne mai wannan aikin, in safiya ta yi ba ka ga rahoto ba to ka tashi ka bincika, don shirun kanshi matsala ne.

Sai masu cewa ai a intanet suka aje, komai na can lafiya. Madalla, Allah ya ƙara basira. A Maris 2021 gobara ta cinye ginin OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane bayanai a intanet, a Strasbourg ta Faransa, akwai waɗanda bakap ɗinsu ke wuri ɗaya da asalin bayanan, duka suka ƙone tare. Shi ya sa masu aikin ke cewa kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 a wani wuri daban, kuma yanzu da ɓarayin da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suka koyi fara neman bakap su lalata, dole a samu kwafin da ba ya jone da komai. Amma ko kwafi goma gare ka in ba ka gwada ba, maganata na nan.

Tsakani da Allah abin ba wuya. A ware wata kwamfuta daban, duk wata a ɗauko kwafin a zuba a kai, a kira akanta ya zauna ya buɗe lissafin albashi da idonshi ya ce e, ga sunayen, ga kuɗin. A duba agogo a rubuta awa nawa aka ɗauka, don oga ya san in abu ya faru kwana nawa ofis zai rufe. Rahoton nan ya je teburin shugaban kamfani, kar ya tsaya wurin yaron kwamfuta da ko kuɗin dizal sai ya yi roƙo. Ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 na nan, bayanan mutane amana ce, tausayina ga masinja da maigadi da ke jiran albashin nan su sayi masara.

Abin dariya, Maersk mai jiragen ruwa da aka kai masu harin NotPetya, wata muguwar manhaja mai lalata kwamfutoci, a 2017, asara wajen dala miliyan 300, kwafi ɗaya da ya tsira a ofishinsu na Gana aka same shi, saboda an ɗauke wuta sabar na kashe lokacin harin. Kar dai wani ya karanta wannan ya ce to mu ai mun tsira tunda kullum ba wuta.