Abokin atisaye ya riƙa turjewa da gaske

Labarin da kuka wallafa na koya wa samari da 'yan mata dabarun kare kai a Kaduna ya faranta min rai, Allah ya saka wa malaman. Amma hoton da kuka saka ya dame ni: ɗalibi ya miƙa hannu ya tsaya cak, malami na murɗe shi a tsanake. Mai ƙwacen waya a Kawo ko Rigasa ba ya tsayawa haka. Da gudu yake zuwa, sau da yawa ba shi kaɗai ba, kuma da wuƙa.

Dole abokin atisaye ya turje. Jigoro Kano da ya kafa makarantar kokawar judo a Japan a 1882 ya ba gwabzawa da wanda ke ƙin faɗuwa muhimmanci, 'yan kokawarmu ma haka suke koyo. A sa safar dambe da abin kare haƙora, a ƙara ƙarfi sannu-sannu. A gwada cikin kayan da ake fita da su, hijabi, doguwar riga, silifas, a lungu mai matsi, bayan an gaji, domin tsoro na sa hannu rawa, numfashi ya sarƙe.

Batun wuƙa kuwa, a ba mai kai hari alli a madadinta, a duba rigar ɗalibi bayan minti ɗaya. Zanen da zai gani zai sa ya yarda ya miƙa wayar ya tsira. Don Allah malamai, ku haɗa da atisayen ihu da gudu.